Darasin Aku ga Fasih: Sharhi a kan Yadda Ake Koyar da Magana Jari Ce a Makarantun Sakandare

Yawancin ɗaliban da suke shigo mana wannan sashe daga makarantun sakandare sun san sunayen abubuwa da dama game da adabi, amma hannunsu bai saba da alƙalami ba. Ɗalibi zai kawo ma'anar jigo da salo da zubi da tsari ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ya jero ire-iren insha'i, ya ambaci yankin suna da yankin aikatau. To amma idan aka ce ya ba da labarin yadda ya taso daga Agege ko Sabon Ibadan ya iso makaranta, cikin shafi guda tak, sai jimlolin su yi ta karo da juna, a rasa inda wata ta tsaya da inda wata ta tashi. Masu tace rubuce-rubucen da ake aiko wa wannan mujalla sun fi kowa sanin haka. A ganinmu, ba ƙarancin basira ne ya jawo wannan ba. Abin da ya jawo shi shi ne yadda aka raba darasin Hausa gida uku a aji, aka ware nahawu da ranarsa, adabi da tasa, insha'i da tasa, har yaro ya gama shekara shida bai taɓa jin cewa ukun nan uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu ɗauki littafi guda mu duba yadda ake yi da shi a aji, wato Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya sha shiga jerin littattafan da hukumomin jarrabawa suke zaɓa, kuma da wuya a sami makarantar da ake koyar da Hausa ba a san sunansa ba.

Yana da kyau a fara tuna cewa don makaranta aka rubuta littafin tun asali. Imam malamin Makarantar Midil ta Katsina ne lokacin da ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja. Ganin hazaƙarsa ya sa Dokta Rupert East ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya a 1936 domin ya rubuta littafin karatu ga yaran makarantu, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya karanta, ya zauna ya fitar da littattafai uku waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Ke nan malami ne ya rubuta wa ɗalibai, kuma ya san ko su wane ne za su riƙe littafin. A littafi na ɗaya aku yana amfani da labari ya tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman a gida, domin ya kuɓutar da shi daga makircin Waziri. A na biyu gasar ba da labari ake yi tsakaninsa da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa, aku ya zama malami, yana horar da ɗansa Fasih domin ya gaje shi a wannan sana'a. Wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga cewa littafin yana tafiya ne daga amfanin magana, zuwa gwanintar magana, zuwa koyar da magana. Aku bai taɓa sa Fasih ya haddace ma'anar jigo ba. Labari yake ba shi, ya ja hankalinsa ga abin da ke ciki, da nufin a wayi gari shi ma ya buɗe baki ya ba da nasa.

To yaya ake koyar da wannan littafi a yau? A makarantu da yawa, musamman a nan Kudu inda kwafin littafin kan yi wuyar samu, malami ne kaɗai yake riƙe da shi, wani lokaci ma ba littafin ba ne, ɗan ƙaramin jagora ne da wani ya taƙaita labaran a ciki don masu jarrabawa. Sai a cika allo da bayani: an haifi marubuci a Kagara a 1911, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rasu a 1981, jigon labari kaza shi ne illar haɗama, taurarinsa su ne wane da wane, salon marubuci mai armashi ne, ya yi amfani da karin magana. Yara su kwafe, su haddace, su mayar ranar jarrabawa. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da aka rubuta a allon. Illa dai yaron da aka gaya wa cewa salon Imam mai armashi ne, bai ji armashin da kunnensa ba, kamar wanda aka kwatanta wa ɗanɗanon zuma ne aka hana shi lasa. Kalmar “armashi” ma ta zama wani hatimi da ake buga wa kowane marubuci, daga Bello Kagara har zuwa Sulaiman Ibrahim Katsina, alhali tsakanin harshen Ganɗoki da na Turmin Danya akwai tafiya mai nisa.

Ba muna raina hanyar nazarin da ta ba mu waɗannan kalmomi ba ne. Aikin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da takwarorinsa suka yi wajen samar da mazubin nazarin adabi cikin harshen Hausa babban aiki ne, kuma albarkacinsa ne muke iya yin irin wannan sharhi ba tare da mun ari bakin wani ba. Sai dai mazubi don a auna hatsi aka yi shi. Idan aka miƙa wa yaro mudu babu gero, ba a ba shi abinci ba.

Inda asarar ta fi yawa shi ne wajen nahawu, domin a nan ne littafin ya fi kowane jagora amfani, a nan ne kuma aka fi yin watsi da shi. Bari mu ɗauki misali guda mu daɗe a kansa. A darasin lokutan Hausa akan koya wa ɗalibi cewa akwai shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, a jera masa lamiransu: mun, kun, sun, an, a gefe guda, muka, kuka, suka, aka, a ɗaya gefen. Yakan haddace jadawalin tsaf. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne aikin da kowanne yake yi. Idan muka ce, “Sun shiga kasuwa, sun sayi doya, sun koma gida,” rahoto muka bayar, kamar mai amsa tambayar wanda ya ce ina yaran nan. Idan kuwa muka ce, “Suka shiga kasuwa, suka sayi doya, suka koma gida,” labari muke bayarwa, mai sauraro kuma yana jiran abin da zai biyo baya. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina da nono ya sha wannan bambanci, ko da bai san sunansa ba. Amma ɗalibin da Yarabanci ko harshen Ibo ne harshensa na farko, wanda ya zo ga Hausa ta hanyar makaranta, ba shi da inda zai same shi sai a kunne da ido. Abin da ya ƙara rikita masa lissafi shi ne, idan mai aikin namiji ne guda ɗaya, rubutu ba ya nuna bambancin ko kaɗan: “ya” mai dogon wasali da “ya” mai gajeren wasali duk haruffa biyu ne iri ɗaya a takarda, tunda ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali. Saboda haka sai ya yi ta rubuta labarinsa lafiya lau muddin tauraronsa shi kaɗai ne, da zarar mutum na biyu ya shigo sai asiri ya tonu, labarin ya koma “sun” da “sun” har ƙarshe, ya bushe kamar takardar ƙara.

Maganin wannan yana cikin kowane shafi na Magana Jari Ce. Labaran Imam a kan “suka” da “aka” da “sai” suke gudu. Da malami zai ɗauki shafi guda, a karanta shi da murya, ya sa yara su ja layi a ƙarƙashin kowane lamirin lokaci, sa'an nan ya tambaye su dalilin da ya sa mai ba da labari yake cewa “suka” amma idan taurarin suka buɗe baki suna ba wa juna rahoto sai a ji “mun” da “sun”, da sun gano ƙa'idar da kansu kafin a kaɗa ƙararrawa. Daga nan sai ya ce kowa ya ba da labarin wata tafiya da ya yi tare da ɗan'uwansa, cikin jimla goma. A zama ɗaya an yi adabi, an yi nahawu, an yi insha'i, kuma babu wanda aka tauye.

Haka abin yake ga azuzuwan aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda ɗalibai suke jin tsoronsu kamar dodo, saboda da lamba ake gabatar musu da su. Alhali kuwa “ya sayi doki”, “ya sayo doki”, “ya sayar da doki”, “ya saye dawakin”, “dokin ya sayu”, labarai biyar ne mabambanta, kuma a cikin kowanne kuɗi da doki sun nufi wani wuri daban. Marubucin da bai ji wannan a jikinsa ba, ba zai iya sa tauraronsa ya shigo ɗaki ko ya fita yadda mai karatu zai san inda shi kansa yake tsaye ba. Amsa-kama ma haka: a jadawali kalma ce da ake kawo misalinta da “fat” da “wur” a wuce, a bakin mai ba da labari kuwa ita ce take sa a ga faɗuwar mutum, a ji ƙararta.

Akwai kuma batun karatu da murya, wanda aka ɗauka aikin 'yan firamare ne. Ɗalibin da ya saba da rubutun Yarabanci ya saba ganin alamar karin sauti a kan wasali. Da ya zo Hausa sai ya tarar da “gari” wanda mutane suke zaune a ciki da “gari” wanda ake tuƙa tuwo da shi duk sura ɗaya, haka “fari” na launi da “fari” na rashin ruwan sama. Jimla ce kaɗai take raba gardama, kunne kuma shi ne alƙali. Irin wannan ɗalibi, da ɗan'uwansa Bahaushen da aka haifa a Idi-Araba ko Shagamu wanda sau da yawa jinsin namiji da na mace sukan cuɗe masa, babu abin da zai gyara musu harshe kamar su ji ana karanta daidaitacciyar Hausa mai daɗi, su ma su karanta a gyara musu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta yi kyakkyawan nufi da ta ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa. Amma wanda aka koya wa harshen maƙwabcinsa ta hanyar jadawali kawai, ranar da ya ajiye alƙalamin jarrabawa ranar zai yi sallama da shi.

Mu koma ga insha'i. Akasarin abin da ake ba yara su rubuta bai wuce “Makarantarmu” da “Ranar da ba zan manta da ita ba” da wasiƙa zuwa ga mahaifi ana neman kuɗin makaranta ba. Ana ba su take, ba a ba su abin koyi, sai ka ce rubutu daga sama yake faɗowa. Imam kansa ba haka ya koya ba. Masana, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin labaran Magana Jari Ce sun nuna cewa da yawansu daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm da makamantansu aka samo tushensu, shi kansa akun mai tsare mutum da labari yana da kakanni a adabin Indiya. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin abin rage wa Imam daraja. Mu kam muna ganin nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin ya ɗauki labarin wata ƙasa ya tuɓe masa tufafinsa, ya sa masa riga da rawani, ya zaunar da shi a zaure, har Bahaushe ya rantse a garinsu abin ya faru. Wannan baddalawa ita ce darasin insha'i mafi sauƙi da za a iya ba ɗan sakandare, kuma an bar ta a kwance. A ce wa yaro ya ɗauki labari guda daga littafin ya mayar da shi tashar Ojota ko kasuwar Mile 12, sarki ya koma shugaban 'yan kasuwa, doki ya koma babur. Ko a ce wa yarinya ta ɗauko tatsuniyar kunkuru da kakarta ta ba ta da Yarabanci ta zuba ta cikin Hausa, ta yanke wa kanta shawara ko kunkurun zai zauna a kunkurunsa ko zai koma gizo. Yaron da ya yi wannan aiki sau uku ya san zubi da tsari sanin da ba zai manta ba, don ya kwance labari ya sake ɗaure shi da hannunsa. Dole kuma a nuna masa iyakar da ke tsakanin baddalawa da satar fasaha, a saba masa da faɗin inda ya samo.

Za a iya ce mana littafin ya tsufa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Duniyar fada da dogarai da barade da bayi ta yi nisa da yaron Legas, har ma da na Kaduna. Akwai kalmomin da sai an buɗe ƙamus, akwai kuma labaran da suke kallon mace ta fuskar makirci kawai, waɗanda malamin da yake da 'yan mata a ajinsa bai kamata ya wuce su shiru ba. Amma ai wannan ma abin rubutu ne. A bar ɗaliba ta sake ba da labarin daga bakin matar, a ga yadda zai kasance. Ba mu ce Imam kaɗai za a karanta ba. Duk abin da muka faɗa a nan za a iya yin sa da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ko da wasan kwaikwayo irin Kulɓa Na Ɓarna, inda za a koyi yadda ake rubuta zance tsakanin mutum biyu. Mun zaɓi Magana Jari Ce ne don gajerun labarai ne masu cin gashin kansu, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya, kuma ko kwafi ɗaya ne a makaranta ana iya karanta shi a ji.

Abin da ya faru a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 ya isa ya zama hannunka mai sanda. Matasa maza da mata, da yawansu iyakar karatunsu sakandare, suka shiga rubuta littattafan soyayya suna bugawa da kuɗinsu, har littafi irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya kai inda littattafan manhaja ba su kai ba. Malaman jami'a suka yi ta muhawara a jaridu a kan ko wannan adabi ne ko kayan kasuwa, kuma cikin laifuffukan da aka fi ɗora wa marubutan har da karya ƙa'idojin rubutu: haɗe abin da ya kamata a raba, raba abin da ya kamata a haɗe, rikita “a kan” da “akan”, zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Zargin gaskiya ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, a hannun wa suka yi shekaru suna koyon Hausa? Ƙa'idojin nan an daidaita su a tarurruka, ciki har da na Bamako a 1966 da na Kano a 1972 da na Yamai a 1980, an kuma sa su a manhaja. An koyar da su a matsayin jerin dokoki da ake haddacewa, ba a koyar da su a kan rubutun da yaro ya yi da kansa ba. Sha'awar ba da labari tana nan, ba ta taɓa mutuwa ba. A yau ta koma wayar hannu, inda 'yan mata suke rubuta littafi sukutum a WhatsApp, da gasa irin Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Kurakuran da aka yi kuka da su a 1990 su ne dai suke yawo a wayoyin, sai ma abin da ya ƙaru.

Mun san nauyin da ke kan malamin sakandare. A nan Kudu sau da yawa shi kaɗai ne malamin Hausa a makaranta, daga aji ɗaya har zuwa aji shida, sa'o'in da aka ba shi a mako kaɗan ne, kuma da sakamakon WAEC da NECO ake auna shi. Idan ya ba kowane yaro aikin rubutu duk mako, yaushe zai duba? Ba lalle ne ya bi kowace takarda da jan biro ba. Yana iya zaɓar uku a mako, masu su su karanta a gaban aji, a ɗauki sakin layi guda a rubuta a allo, 'yan aji su taru su gyara lamirin lokaci da rabon kalma da alamar tsayawa, mako mai zuwa a ɗauki wasu ukun. Kafin zango ya ƙare an ji muryar kusan kowa. Mu ma da muke horar da waɗannan malamai a jami'o'i da kwalejojin ilimi, darussan hanyoyin koyarwa da muke ba su a rarrabe suke, malamin harshe daban, malamin adabi daban, kuma a lokacin gwajin koyarwa takardar shirin darasi da muke dubawa tana neman ɗalibi ya rubuta a sama ko darasin nasa nahawu ne ko adabi ko insha'i, ya zaɓi ɗaya. A ganinmu daga wannan takarda ya kamata a fara gyaran.